Dodon Ƙanƙarar da Ya Bar Ruri Ya Koma Aike

Dalilin da ya sa dodon ƙanƙarar nan na Lambun Yalwa ba ya ruri, shi kuke ta gardama a kai tun jiya? To ku matso kusa da Gwaggonku ku sha labari. Amma kowa ya ɗebi gyaɗa ya riƙa ɓarewa, ni ba a sauraro na da hannu a sake. Sagir, ɓarewa na ce, ban ce ci ba. Ina ganin kumatunka.

Kun dai hau jirgin wasan da kanku, kun ga yadda yake. Ya ɗauke ku ya hau dutsen simintin nan da aka shafe da farin fenti, ya gangaro ya shige kogo mai sanyi, sai ga ƙaton abu fari fat ya leƙo daga bayan dutse. Dodon kirki a nan ne zai wage baki ya yi ruri. Shi kuwa namu sai ya miƙo hannu ya ce, "Kai yaro, zo in aike ka!" Ku kuma ku ɓarke da ihu. Ke Hajjo an ce min har ƙarƙashin kujera kika shige, kada ki musa.

To ba haka ya fara ba. Da can yana da ruri, ruri kuwa na gaske.

Asalinsa ɗan wata ƙasa ce mai nisa, inda duwatsu suke lulluɓe da dusar ƙanƙara rani da damina, inda in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Danginsa duk da furfura ake haihuwarsu, jariri ma fari fat yake zuwa duniya. Shi namu yaro ne ƙarami a wancan lokacin. Ba auta ba ne balle a shagwaɓa shi, ba babba ba ne balle a ji nauyinsa. Na tsakiya ne, wato ɗan aike. Daga safe har yamma abin da yake ji daga bakin uwarsa ke nan: "Kai yaro, zo in aike ka!" Kai wa kakarka kifi. Karɓo min ludayina a maƙwabta. Koma, ba wannan ba ne.

Wata rana yana tsakiyar wasan zamiya a kan dutse da sa'o'insa, wasa ya yi daɗi, sai ya ji muryar nan. Ya yi kamar bai ji ba. Ya silale ya gangara bakin ruwa, inda masunta suke loda kifi a cikin wasu manyan akwatunan ƙarfe masu injin sanyi. Ya faɗa cikin ɗaya, ya jawo kifi ya rufe jikinsa, wai sai an aiki wansa sannan ya fito. Barci ɓarawo ya sace shi.

Akwati ya hau jirgin ruwa, ya sauka ya hau babbar mota, mota ta yi ta cin hanya har garin nan namu, ta tsaya a ƙofar ɗakin sanyin Hajiya Yalwa Mai Ƙanƙara. Ba ku taso kun same ta da ƙarfinta ba. Gajeriyar mace ce, ƙanƙara da kifin sanyi take sayarwa, kuma tun da nake ban taɓa jin abin da ya ba ta tsoro ba.

Leburori suka buɗe akwati, dodo ya yi miƙa ya tashi zaune. Ai kuwa sai ƙafa me na ci ban ba ki ba, wani har ya bar hularsa. Hajiya ta tsaya ta dubi dodo, ta dubi ƙayoyin kifin da ya tara a gefensa.

Ta ce, "Kai, wa ya ba ka kifina?"

Dodo ya wage baki ya yi ruri, har kwanon rufi ya yi ƙara. Hajiya ta sunkuya ta cire silifa ɗaya ta riƙe. Dodo ya rufe bakinsa, don ko a ƙasar ƙanƙara an san ma'anar wannan.

Ya yi tsalle ya fita da gudu, wai zai koma gida. Bazara ce kuwa, rana tsaka. Su kuma irin dodannin nan jikinsu rabi gashi ne, rabi ƙanƙara. Bai kai bakin titi ba ruwa ya fara ɗiga daga jikinsa, kajin unguwa suka biyo shi suna sha. Kafin ya juyo ya faɗa ɗakin sanyi har ya rage tsawo. Komawa gida kuma babu hali, don motar kifi in za ta juya, fanko take tafiya da inji a kashe.

Hajiya ta same shi a ƙuryar ɗaki yana makyarkyata, ba don sanyi ba, don tsoro. Tausayi ya kama ta.

Ta ce, "Baƙonka annabinka. Zauna. Amma gidana akwai doka. Duk wanda aka gaishe shi zai amsa, ya amsa kuma da kyau. Wanda ba ya amsa gaisuwa ba ya cin abincina."

Ita da kanta ta zaunar da shi ta koya masa: lafiya lau, ba gajiya, da godiya, Allah ya yi albarka. Sauran Hausar ya tsinta a rediyon leburori. Kafin damina ta faɗi har karin magana yake yi.

To amma fa dodo ci gare shi, injin sanyi kuma shan man dizal gare shi. Hajiya ta duba ta ga banza ba ta kai zomo kasuwa. Tana da fili a bayan shago inda ta kafa lilo da majaujawa, yara suna zuwa wasa. Kun san dalilin da ya sa yara suke son wurin? Don yana da katanga. In ka shiga, babu babban da zai hango ka balle ya kira ka ka sayo masa goro.

Sai ta kira Ilu, wani tsohon yaronta bakaniken injin niƙa, ta ce ya ƙera mata jirgi, shi ne kuma zai riƙa tuƙawa. Ilu ya yayyanka tsofaffin gangunan mai ya sa musu kujeru da taya, ya ɗaura musu kan injin niƙa a gaba. Magina suka gina dutse da kogo, aka ja sanyi aka kai ciki. Sannan Hajiya ta tsaya a gaban dodo ta riƙe ƙugu.

"Ga ɗaki na gina maka, ya fi nawa sanyi. Kai ka ba su tsoro, ni in ba ka sanyi. Muddin ina jin ihu daga waje, injin sanyi yana aiki. Ranar da ihu ya ƙare, inji ya mutu. Ka yarda?"

Dodo ya ce, "Hajiya, in dai ruri ne, ai gado na yi."

Ranar Sallah aka buɗe. Layi har bakin titi, don ku yara abin da zai firgita ku shi kuke rububi a kai. Jirgi ya hau dutse yana tari, ya gangara, ya shige kogo. Dodo ya leƙo, ya ja numfashi ya cika ƙirji zai yi ruri.

A kujerar gaba akwai wata yarinya, Tasalla, 'yar gidan tarbiyya. Ta ɗaga kai ta ga furfura tun daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa. Ita kuwa an gaya mata a gida, ko furfura ɗaya ta gani a kan mutum kada ta wuce shi a tsaye. Balle wannan. Sai ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Ina wuni, Baba?"

Dodo ya tsaya da iska cike da ƙirji. Ya tuna dokar Hajiya, ya tuna silifa. Ya saki iskar a hankali ya ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya sanyi?"

"Sanyi da godiya."

Sauran yara suka ga Tasalla ta gaishe da babba, kowa ya ji kunya. Suka durƙusa, kuma ba a haɗe ba, ɗaya bayan ɗaya, don kowa yana so a shaida shi ma ɗan gidan mutunci ne. Ilu ya ga shi kaɗai ne zai zama marar kunya, ya kashe injin jirgi, ya cire takalmi, shi ma ya kwashi gaisuwa. Dodon da a garinsu ko ƙaninsa bai taɓa gaishe shi ba, ya tsaya yana ta raba albarka.

Hajiya tana waje ta kasa kunne. Shiru. Can sai ga jirgi ya fito, yara zaune tsaf kamar daga gidan kaka suke.

Ta faɗa kogo kamar guguwa. "Ina ihuna?"

"Hajiya, gaishe ni suka yi."

"Sai aka yi yaya?"

"Ke kika ce wanda bai amsa ba ba ya cin abincinki."

Hajiya ta ga ya kama ta. Ita ta kafa dokar da bakinta. Sai ta ce, "To ka riga su! Ka yi rurin kafin su buɗe baki!"

Washegari kuwa jirgi na shigowa dodo ya saki ruri, har ƙanƙara ta zubo daga rufin kogo. Yara suka dubi juna.

Tasalla ta ce, "Wayyo, sannu Baba. Tari ne?"

"Allah ya sawwaƙe, Baba!"

"Ai dole, tsoho da zama cikin wannan sanyi."

Kafin mako ya zagayo kogo ya cika da citta da kanumfari da man zafi. Kakar Tasalla har hular sanyi ta saƙa ta aiko masa, da saƙon cewa lallai ya sa. Ya kuwa sa, don mayar da kyauta ba ladabi ba ne, ya tsaya a ciki kansa yana zufa. Iyaye suka ji daɗi, suka riƙa cewa, "In kun je ku gaishe min da Baba." Yara kuwa suka fara janye jiki. Suka ce in gaisuwa ce, ai suna da tsofaffi a gida, ba sai sun bi layi ba.

Ilu ya ga layi yana ragewa, ya zo da shawara. Ya ce, "Hajiya, furfurar nan ce matsala. A rina shi."

Aka kwaɓa lalle cikin baho, aka shafe dodo tun daga sama har ƙasa, aka naɗe shi da buhuna ya wuni. Da aka wanke sai ga shi ja wur. Ilu ya ja da baya ya ce wallahi ko shi ya tsorata. Jirgi ya shigo, dodo ya leƙo da jan gemu har cibiya.

Yara suka zube gaba ɗaya. "Ina wuni, Alhaji? An dawo lafiya?"

Garin neman ƙiba aka samo rama. Yanzu har manya ne suke hawa jirgin, suna miƙa hannu biyu a sa musu albarka. Wani ma rigimar gona ya kawo masa ya raba.

Kada ku yi dariya da yawa, don a nan ne abin ya daina zama wasa. Hajiya ta zo ta tsaya a bakin kogo, wannan karon ba faɗa, ba ɗaga murya, kuma kun san in mafaɗaci ya yi sanyi to magana ta ƙare.

Ta ce, "Na yi iya yina. Mai yana ƙonewa, yara sun gudu. Juma'ar nan in rana ta yi sanyi ban ji ihu ba, zan kashe inji in zuba albasa a kogon."

Dodo ya ce, "Hajiya, in kin kashe ina zan je? Kin ga abin da rana ta yi min."

Hajiya ta kawar da kai. Ba mugunta ce da ita ba, amma alkawari alkawari ne, kuma da bakinsa ya yarda. Bayan ta fita ya zauna ya yi kuka, hawayen suna faɗuwa ƙasa ƙwas-ƙwas kamar tsakuwa. Tsoro yake ji, kuma kewar uwarsa ta dame shi. Ya ce a ransa, da na sani na je aiken nan, ko ludayi goma ne da na karɓo.

Juma'a ta zo. Jirgi ya shiga, gaisuwa. Ya sake shiga, gaisuwa. Ya yi ruri, aka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya zare ido, aka ce Alhaji bai sami barci ba. Da la'asar ta yi Hajiya ta miƙe daga kujerarta, ta je bayan dutse ta kashe injin sanyi da hannunta. Jirgin ƙarshe kuwa ya riga ya fara hawa.

Kogo ya fara ɗumi. Ruwa ya soma bin jikin dodo, yana wanke lallen, yana gangara ƙasa ja kamar zoɓo. Ƙishi ya kama shi, ko gurnani ba zai iya ba balle ruri. Ido ya raina fata. Abu ɗaya kawai yake so a duniya, dunƙulen ƙanƙara daga shagon Hajiya, ga shi ba ya iya fita ya ɗauko.

Tun da ya zo garin nan bai taɓa aiken kowa ba, don ya san zafin abin. Amma da jirgi ya shigo ya ga yara da ƙafafunsu lafiyayyu, kafin Tasalla ta kai gwiwa ƙasa, sai ya miƙa hannu ya nuna wani yaro a tsakiya. Maganar ta fito da kanta, da irin muryar uwarsa sak.

"Kai yaro, zo in aike ka!"

Kogo ya yi tsit.

Ku da kanku kun san abin da ya faɗo wa yaran nan a rai. Ranar wasa guda, a wuri ɗaya tak da aike ba ya shigowa, a ce ya biyo ka har cikin kogo! Kuma aiken tsoho ne, wanda ba ya ƙarewa. Ka kawo ya ce ba wannan ba, ka koma ka canjo ya ce tunda ka fita biya ta kasuwa.

Yaron da aka nuna shi ya fara kurma ihu. "Wayyo Allah, ba ni ba! Ni na je na jiya!"

"Ƙafata ciwo take!"

"Ga Lawwali nan, ya fi ni gudu!"

"Ƙarya kake, ni baƙo ne a garin nan!"

Tasalla mai ladabi, ita ce ta fara shigewa ƙarƙashin kujera tana cewa, "Ilu, ja mu tafi! Ja mu tafi, yana kallo na!" Ilu kuwa, da Hajiya ta gama gasa shi da aike shekara da shekaru, jin kalmar kawai ya sa ya taka inji har ƙasa. Jirgi ya fito daga kogo da gudun da bai taɓa yi ba, yara suna ihu kamar an sako musu zuma.

Hajiya tana zaune da kofin kunun aya a hannu. Ta saki kofin. Ta tattare zani ta ruga bayan dutse, ta finciki igiyar inji da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi. Inji ya yi tari ya kama. Kafin ta dawo yaran nan sun sake jera layi, suna haki suna dariya.

"Ni ya nuna!"

"Ƙarya ne, saura kaɗan mu haɗa ido da shi!"

Hajiya ta leƙa kogo ta ga dodo zaune cikin jan ruwa, ya koma fari, ya rame. Ta ce, "Me ka yi musu?"

Da ƙyar ya ce, "Ƙanƙara kawai na so a ɗauko min."

Ba ta kira Ilu ba, ba ta kira lebura ba. Ita da kanta ta je shago ta ɗauko dunƙulen ƙanƙara a ka, ta kawo ta dire a gabansa. Duk garin nan ita kaɗai ce dodo ya taɓa aika ta je. Ya rungume ƙanƙarar yana lasa, ya ba ta labari tun daga wasan zamiya har akwatin kifi. Hajiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "To daga yau ka bar ruri. Wannan maganar ita ce aikinka."

Dodo ya ce, "Zan riƙa faɗa, amma ba zan taɓa aiken ɗan kowa da gaske ba. Maganar nan ita ta raba ni da uwata, Hajiya. Ni fa yaro ne. Kowa Baba, kowa Alhaji, ko shekarun kaciya ban kai ba a garinmu."

Dariyar Hajiya ta tsaya. Ta dube shi da kyau, kamar ranar ta fara ganinsa. Ta miƙa hannu ta cire masa hular sanyin nan da ke dafa masa kai, ta ce, "Sha ƙanƙararka, ɗan nan. Inji ba zai sake mutuwa ba." Bai kuwa sake mutuwa ba, don ko da ta tsufa ta bar wa 'ya'yanta wurin, sai da ta yi musu wasiyya a kansa.

To shi ya sa har yau in jirgi ya shiga kogon Lambun Yalwa ba za ku ji ruri ba, sai dai a miƙo hannu a ce zo in aike ka, kuma tun daga ranar ba a taɓa jin yaron da ya tsaya ya tambayi ina ne aiken ba. In kun koma ku dubi ƙarshen gemunsa, akwai ɗan ja-ja, sauran lallen Ilu ne.

Yawwa, gyaɗa ta ɓaru, sai niƙa. Sagir, taso ka kai min ita inji, in ka dawo kuma ka biya gidan...

Sagir? Hajjo? La ilaha illallahu, yanzu fa kuna nan!